Zakaran Yini Ɗaya

Da aka gama yankan gero da dawa, aka kwashe kara daga filin da muke aro a bayan gari, sai maganar gasar samari ta taso kamar yadda ta saba kowace kaka. Mu bakwai muka zauna a cikin aji, a kan bencin yara, gwiwa na neman taɓa haɓa. An sa ni a kwamitin ne saboda na haura shekara ashirin ina busa usur a wasannin samari tsakanin Wurma da Birchi da Kurfi da Dutsin-Ma, kuma ana ganin malamin lissafi ba zai ruɗe wajen ƙidayar maki ba. Tun bayan azahar muke ja-in-ja har aka kira la'asar, a kan abu guda: yadda za a fitar da zakaran bana.

Abin da ya faru bara ne ya jawo gardamar. Ƙungiya takwas suka shiga, kowa ya kara da kowa, wasa bakwai-bakwai. Yaran unguwar gabas suka cinye bakwai ɗin duka, maki 21 cif. Yaran bakin kasuwa kuwa da kyar suka rarrafo suka zo na huɗu da maki 10, kuma a cikin kashin da suka sha har da uku da nema a hannun yaran gabas. Ƙa'idarmu ta bara ta ce huɗun farko su sake karawa a sili-ɗaya-ƙwale, na ɗaya da na huɗu, na biyu da na uku. Ranar da aka buga wasan iskar hunturu ta taso da ƙura, ƙwallo ta riƙa sauya hanya a sama kamar mai aljanu. Yaran kasuwa suka tattaru a bakin raga su goma sha ɗaya, aka tashi babu ci, aka je bugun fenariti, golansu ya kaɗe biyu. Bayan mako guda suka ɗauki kofi, aka zaga gari da su a kan babura.

Ni na busa wasan nan, kuma ban yi wa kowa coge ba. Amma da magariba kyaftin ɗin yaran gabas, wanda na koyar da shi a aji shida, ya same ni a ƙofar gida, ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce, "Malam, to wasa bakwai ɗin da muka ci, a wane littafi aka rubuta su?" Na ba shi haƙuri irin wanda manya ke ba yara idan ba su da amsa. Shekara guda ke nan tambayar tana bina.

A zaman bana na ce a bar wa tebur hukunci: wanda ya fi maki shi ne zakara, a huta. Sai wani matashin malami da ke koyarwa a Islamiyya, mai ladabi da kaifin harshe, ya nemi izini ya ce tsarin bara ya fi kusa da abin da addini ya koya mana. Ya tuna mana da hadisin da ke cikin Bukhari mai nuna cewa ana duba aikin bawa ne da abin da ya cika a kai, da kuma hadisi na huɗu a Arba'una, wanda kowane ɗan makarantar dare ya haddace, inda aka nuna mutum kan daɗe a kan hanya ɗaya har ya kusa ƙarshenta sannan ya juya. Ya ce idan makomar ɗan Adam kanta tana rataye da cikawa, don me za mu ji ciwon kofin tasa ya rataya da wasan ƙarshe? Ya rufe da cewa zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Kowa ya gyaɗa kai. Ni ma na yi shiru, domin magana idan ta shigo da rawani, ba a tare ta da gaggawa.

Gaskiya ne duniya cike take da shaidun da za su tsaya masa. Daren 11 ga Fabrairun 2024 ina gidan kallo, an cika maƙil har waje, janareto na kuka. Kwaddibuwa da mu 'yan Najeriya muka doke ɗaya da nema a rukuni, wadda Ikwatoriyal Gini ta yi wa huɗu da nema a gaban jama'arta, wadda ta kori kocinta ana tsakiyar gasa, wadda ta tsallake da maki uku kacal don kawai Maroko ta doke Zambiya, ita ce ta doke mu biyu da ɗaya a Abijan ta ɗauki kofin Afirka. Mu da muka fito rukuni da maki bakwai, mu muka fara ci ta kan Troost-Ekong, muka koma gida da azurfa. Sebastien Haller da ya ci ƙwallon da ta kashe mu bai daɗe da tashi daga jinyar ciwon daji ba. Duk mai imani da ya ga wannan sai ya ce rabo ne. Na faɗi haka a daren, ina kuma kan bakana.

Sai dai kofin Afirka tun asali kofi ne. An shaida wa kowa tun kafin a fara cewa mako huɗu ne, wanda ya faɗi a zagayen ƙwale ya kama hanya. Ba a yaudari kowa ba. Mu Katsinawa mun fi kowa sanin ɗacin irin wannan gasa, domin Katsina United ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale sau uku a jere, 1995 da 1996 da 1997, ta sha kashi a hannun Shooting Stars da Julius Berger da Eagle Cement. Ina saurayi lokacin, a rediyo muka ji duka ukun, ba kuwa wanda ya ce an zalunce mu. Abin da ke damuna shi ne gauraya: a sa mutum ya yi noman damina guda, ya yi huɗa, ya yi maimai, ya girbe, sannan a ce masa amfanin gonar na wanda ya riga kai dami ɗaya bakin rumbu ne.

Gasar firimiyar Najeriya ta sha yin wannan gauraya. A 2019 aka raba ƙungiyoyi 24 gida biyu, aka ɗebi uku-uku aka kai su Agege a Legas suka kara cikin kwanaki kaɗan, Enyimba ta zama zakara, Kano Pillars ta zo ta biyu. A 2023 aka maimaita, wannan karon a filin Onikan. Bendel Insurance ta buga wasa 18 a rukuninta ba a doke ta ko sau ɗaya ba, amma da aka je Legas ko cikin ukun farko ba ta shiga ba, Enyimba ta sake ɗauka a ƙarƙashin Finidi George. Masu shirya gasar suna da uzurinsu, lokaci ya ƙure, ana son daidaita kalanda da ta sauran Afirka. Uzuri ne mai ƙarfi, ban raina shi ba. Amma ba wanda ya taɓa cewa an yi haka ne don ya fi adalci.

Ɗan ƙanena da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ne ya buɗe mini labarin Amurka a wayarsa, sai na ga ashe gardamar ajinmu ta girme mu duka. Jami'o'insu na buga wani nau'in ƙwallon zari-ruga na sulke da kwalkwali, kuma manyan ƙungiyoyin sun haura ɗari da talatin, alhali kowacce wasa goma sha biyu take yi a kaka. Ba yadda za a yi kowa ya kara da kowa. Shekara da shekaru 'yan jarida da masu horarwa ke kaɗa ƙuri'a su ce wane ne zakara, har wani lokaci a tashi da zakara biyu, kamar a 2003 da aka raba tsakanin LSU da USC. Daga 1998 aka haɗa ƙuri'a da lissafin kwamfuta don a fitar da biyu su kara, amma a 2004 Auburn ta cinye wasanninta duka aka bar ta a waje. Surutu ya yi yawa, har Barack Obama da aka zaɓe shi a 2008 ya sa baki ya ce shi dai a yi ƙwale na ƙungiya takwas. A 2014 aka koma huɗu, kwamitin mutum 13 ke zaɓensu. A 2024 aka faɗaɗa zuwa 12.

Wuri biyu na tsaya a labarin nan. Na farko Disambar 2023: Florida State ta ci wasa 13 cikin 13, kwamiti ya ajiye ta ya ɗauki Alabama da aka doke sau ɗaya, hujjarsa kuwa ita ce babban ɗan wasan Florida State ya karye a ƙafa, saboda haka ana ganin ba za ta iya ba. An hukunta yaran a kan wasan da ba a buga ba. Alƙali a shari'a da abin da ya bayyana yake hukunci, abin da zai faru gobe kuwa ba a ba kowa mabuɗinsa ba. A wannan gaɓa ina tare da masu son a buga a fili ɗari bisa ɗari, domin ko ƙwale mafi muni ya fi zaman dattawa a ɗaki mai sanyi suna duba. Na biyu kuma kakar da ta biyo: Oregon ta ci 13 cikin 13, Ohio State da aka doke sau biyu ta fitar da ita a wasa ɗaya, ta je ta ɗauki kofin a Janairun 2025. Yaran gabas da yaran kasuwa ke nan, sai dai su can ana kallonsu a talabijin.

Na koma kan maganar malamin Islamiyya, domin ita ta hana ni barci. Na ɗauko sharhin Ibn Rajab a kan Arba'una na sake bi a hankali, na kuma tambayi limaminmu bayan sallar asuba. Abin da na fahimta shi ne, ruwayar Bukhari ta zo ne a kan wani mutum da ya yi yaƙi da jarumta a idon jama'a, da rauni ya tsananta masa ya kashe kansa. Malamai sun yi bayani cewa aikin nasa kyakkyawa ne a ganin mutane, amma akwai ɓoyayyen aibi a ciki wanda ƙarshe ya tona. Ashe cikawa a wurinsu ba sa'a ce da ke faɗowa daga sama a yini ɗaya ba. 'Ya ce ga abin da mutum ya daɗe yana renonsa a zuci. Wanda ya san zuciya kuwa Shi ne mai hukuncin, kuma ba iska ko ƙura ko kuskuren rafali da ke shiga tsakaninsa da gaskiya. Ni da usur ɗina ban san zuciyar kowa ba. Ko layin satar gida ma wani lokaci ƙura ke rufe mini.

Akwai kuma abin da ya fi wannan, wanda sai da nake kan babur a hanyar Kurfi ya faɗo mini. Ranar cikawa ɓoyayya ce. Ba wanda aka ba takardar jadawali aka ce masa ranar kaza ga wata kaza ne wasanka na ƙarshe. Wannan ɓoyewa ita ce ƙashin bayan darasin: tunda ba ka san wace sallah ce ta ƙarshe ba, dole ka kyautata kowacce. Hadisin cikawa da hadisin Nana A'isha mai nuna cewa aikin da aka dawwama a kansa, ko kaɗan ne, shi Allah ya fi so, hanya ɗaya suka nufa. Mu kuwa a gasarmu mun manna ranar ƙarshe a bangon kasuwa tun kafin a fara. Me hakan ya koya wa yaro? Ya koya masa ya yi wasa da wasa har mako shida, ya lallaɓa ya zo na huɗu, ya ajiye ƙarfinsa sai ranar da aka sanar. Wannan shi ne halin mutumin da ke cewa bari in sha duniyata, in na tsufa na tuba, halin da kowane mai wa'azi ke tsoratarwa a kansa. Na ga haka da idona bara: da yaran kasuwa suka tabbatar sun shiga huɗu, wasansu na bakwai ƙananan yara suka zuba, manyan suna bakin fili suna cin rake.

Batun rabo ma haka yake. Idan bugun fenariti biyu da gola ya kaɗe ƙaddara ce, wasa bakwai da yaran gabas suka ci su ma ƙaddara ce. Ƙaddara ba ta zaɓa mana tsarin gasa ba, mu muka zauna a kan benci muka rubuta shi da biro, mu za a tambaya ko mun auna daidai. Sayyidina Umar da ya ji annoba ta ɓarke a Sham ya juya da jama'arsa daga hanya, bai ga cewa yin dabara fita ne daga ƙaddara ba. Mai awo a kasuwar Dutsin-Ma ba zai tauye mudu ya ce wa mai saye rabonka ke nan ba. Abin mamaki ma, idan tuba ake nema, a tebur take. Wanda ya faɗi a makon farko yana da mako shida ya gyara. Sili-ɗaya-ƙwale ne ba ya karɓar tuba: ka zame sau ɗaya, ka naɗe tabarmarka.

Kada a ɗauka tebur waliyyi ne. Na san ɓarnarsa fiye da masu sukarsa. A Yulin 2013, a wasannin neman hawa mataki da aka yi a Bauchi, ƙungiya biyu suka yi kankankan a maki, aka koma duba yawan ƙwallaye. A rana ɗaya Plateau United Feeders ta ci abokiyar karawarta 79 da nema, Police Machine ta ci tata 67 da nema. A wasan farko an tafi hutun rabin lokaci ana 7 da nema, sauran 72 duk bayan an dawo aka zuba su. Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta haramta wa 'yan wasan da jami'an harkar ƙwallo har abada, duniya kuma ta yi mana dariya. Inda ake ƙidaya, nan ake saye da sayarwa. Ƙungiyar da ta san ba ta da sauran buri takan sayar da wasanta na ƙarshe a kan kuɗin shayi, kuma a ƙauye ba sai an ba da kuɗi ba, surukuta ma ta isa. A wasan ƙwale kuwa da wuya ka sami mai sayarwa, domin kowa wuyansa ke kan wuƙa.

Ga kuma halin da muke ciki, wanda shi ma'ajinmu ya kawo, ban kuwa iya musa masa ba. Tun da ɓarayin daji suka addabi yankin nan, Wurma ta ga abin da ta gani, ba uban da ke son ɗansa ya kai magariba a kan hanya don ƙwallo. Kowane ƙarin mako ƙarin kasada ne, ga kuɗin man babur, ga samari da ke tafiya cirani da an gama kaka. Ranar wasan ƙarshe kuwa ita kaɗai ce ake cika fili, masu ƙosai da masu rake su yi ciniki, dagaci ya zo, mai neman kansila ya kawo raga sabuwa. Garin da ya sha kuka yana bukatar yini guda na ihu. Ban isa in ce wannan ba hujja ba ce. Na dai ce a kira ta da sunanta, wato lalura da nishaɗi, a bar hadisi a inda yake.

Abin da na gane bayan shekara ashirin a tsakiyar fili shi ne, tambaya biyu ce muke cusawa a riga ɗaya. Akwai wa ya fi iyawa, akwai kuma wa ya yi nasara yau. Ta farko sai an daɗe ana awo take fitowa, domin sa'a takan yi wa mutum rana ɗaya, amma ba ta cika yi masa bakwai a jere ba. Wannan lissafi ne da nake koya wa 'yan aji: jefa kwabo sau ɗaya ba ya gaya maka komai, jefa shi sau ɗari kuwa yana tona ko an yi masa gyara. Ta biyu kuma tana auna wani abu na gaske, wato ƙarfin zuciya ranar da ƙafa ke rawa. Golan yaran kasuwa jarumi ne, na ga idonsa lokacin da ya tsaya a layi. Kano Pillars ta ɗanɗana duka biyun: ta ɗauki lig a 2008, sannan sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, amma kofin ƙalubale sai a 2019 ta same shi a Kaduna, shi ma da bugun fenariti a kan Niger Tornadoes. Ba wanda ya rikita kofunan biyu, kowanne da sunansa da darajarsa.

Da muka sake zama ranar Laraba na faɗi duk wannan, a taƙaice fiye da yadda na rubuta shi nan. Malamin Islamiyya ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Baba Malam, na janye hadisin, amma ban janye ƙuri'ata ba." Na ji daɗin rabin farko na maganarsa fiye da yadda rabi na biyu ya ɓata mini rai. Aka ɗaga hannu, huɗu da uku, aka kayar da ni. Za a yi huɗun ƙarshe kamar bara.

Abu biyu na samu a cinikin. Idan wanda ya zo na ɗaya a tebur ya yi canjaras a wasan daf da na ƙarshe, shi zai wuce, ba sai an je fenariti ba. Sannan duk wanda ya fi maki za a ba shi nasa kofin daban a gaban jama'a kafin a take wasan ƙarshe, a kuma rubuta sunan ƙungiyar a littafin kwamiti. Kuɗin kofin na biyu ba ya cikin kasafi, don haka daga aljihuna zai fito, na riga na aika a sayo shi a Katsina. A shafin farko na littafin na rubuta sakamakon bara, wasa bakwai, maki 21, na aika a kira mini kyaftin ɗin yaran gabas ya zo ya gani kafin ya tafi cirani.